Kundin digirina ya tsaya a babi na ɗaya, kullum sai in ce gobe

Wata ɗaliba 'yar aji huɗu a jami'a ce ta aiko da wannan tambaya: "Salamu alaikum Malama. Wata uku ke nan da aka amince da taken kundin digirina. Na rubuta babi na ɗaya, malamin da ke duba ni ya dawo min da shi cike da jan biro, tun ranar ban sake buɗe aikin ba. Kullum da niyyar gobe zan fara nake kwanciya, gari na wayewa sai in tsinci kaina a wanki ko a waya. Har hanya nake sauyawa don kada mu haɗu da malamin. Karatun jarrabawa ma haka nake yi, sai saura kwana biyu in kwana a aji. Raguwa ce ni, ko me ke damuna? Ya zan yi in daina?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na daɗe ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, na kuma duba kundin ɗalibai da dama, don haka labarinki ba baƙo ba ne a wurina. Bari in fara cire miki wannan kalma ta raguwa. Raguwa idan ta bar aiki barcinta take sha, ko a jikinta. Ke kuwa da abin kike kwana, da shi kike tashi, har kina zagaye don kada ki ga malaminki. Wadda ta tashi da sassafe ta wanke kaya bokiti biyu ba ƙarfi ta rasa ba, ba kuma himma ba. Abin da ke damunki jan ƙafa ne, wanda malaman Musulunci suke kira taswifi, daga kalmar Larabci "saufa", wato "nan gaba zan yi". Ma'anarsa mutum ya ɗage abin da ya riga ya yi niyya, alhali ya san ɗagewar nan shi za ta cutar. Wannan sanin shi ya raba shi da jinkirin da akan ce wani alheri ne. Idan kin dakata don malaminki ya yi tafiya, ko kina jiran takardun tambayoyin bincike da kika raba su dawo, wannan jira ne mai dalili. Naki kuwa ke da kanki kin san ba komai kike jira ba.

Ba ke kaɗai ba ce kuma. A shekarar 2007 wani masani a Jami'ar Calgary da ke Kanada, Piers Steel, ya tattara ɗaruruwan binciken da aka yi kan wannan ɗabi'a ya nazarce su wuri guda. Ƙiyasin da ya kawo shi ne kashi 80 zuwa 95 cikin 100 na ɗaliban jami'a suna jan ƙafa, kusan rabinsu kuma abin ya zame musu jiki har yana yi musu illa. Ban kawo wannan don ki saki jiki ba. Na kawo shi ne don na san kina kallon 'yan ajinku kina ganin kowa ya yi nisa, ke ce kawai a baya, kuma wannan tunanin da kansa yana cikin abin da ya ɗaure ki.

Ki sake karanta tambayarki, za ki ga kin riga kin faɗi ranar da ciwon ya fara: ranar jan biro. Kafin ranar ai kin iya zama kin rubuta babi guda cur. Lokacinki bai ragu ba tun daga nan, basirarki ba ta ragu ba. Abin da ya sauya shi ne yadda kike ji idan kin tuna da aikin. Da zarar kin kai hannu ga kwamfuta sai gabanki ya faɗi, kunya ta taso, wata murya ta ce miki anya kin iya kuwa. Kina rufe ta kina cewa "bari sai gobe" sai ki ji sanyi a ranki nan take. Wannan ɗan sanyin shi ne tarkon. Zuciya tana koyon duk abin da ya kawo mata sauƙi cikin gaggawa, gobe ma idan nauyin ya taso hanyar jiya za ta bi. Masana biyu da suka shafe shekaru a kan wannan fanni, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi wannan bayani a 2013: mai jan ƙafa yana fifita gyara yanayin zuciyarsa na yanzu a kan amfanin da zai samu nan gaba. Ke nan ba aikin kike gudu ba, ɗacin da ke tattare da shi kike gudu. Shi ya sa ko kin zana jadawalin karatu mai kyau kin manna a bango ba zai yi miki komai ba. Jadawali maganin wanda bai san yadda zai raba lokacinsa ba ne, ke kuwa tsoro ne ya tare miki ƙofa.

Akwai addu'ar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yawan yi, tana cikin Bukhari, inda yake neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala. Na daɗe ina tsayawa a kan yadda aka jero su. Damuwa da baƙin ciki ne a gaba, gajiyawa da kasala na biye. A abin da na gani wajen ɗalibai, haka suke zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ki riƙe wannan addu'a safe da yamma.

Sanyin nan kuwa bashi ne, kuma ana biyansa da tsada. A 1997 Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi ɗalibai a wata jami'a a Amurka tsawon zangon karatu. A farkon zango masu jan ƙafa sun fi sauran kwanciyar hankali, har ƙorafin rashin lafiya bai kai na sauran ba. Da ƙarshen zango ya zo sai abin ya juye: sun fi kowa damuwa, sun fi kowa ciwo, makinsu kuma ya fi ƙasa. Don haka idan kin ji ɗalibi na cewa shi sai wuta ta kama yake iya karatu, ki san cewa a lokacin ne kawai yake farawa, bai taɓa gwada ɗaya hanyar ba balle ya san abin da zai iya.

Kundin digiri ya fi kowane aiki a jami'a jawo jan ƙafa, kuma akwai dalili. Jinga ana ba ki yau a ce ki kawo ranar Litinin. Gwaji ana sa masa rana. Kundi kuwa watanni ne a gabanki, babu mai tambayarki kullum, ba ki kuma taɓa yin irinsa ba. Sai ga wani abu da ya shafi jami'o'inmu na Najeriya musamman. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ɗauki wajen wata tara, na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ɗalibin da ya taso yana ganin haka, zuciyarsa takan koyi cewa ranar da aka sa ba lallai ta tabbata ba, ƙila a ɗaga. Ban ga laifin ɗalibai a nan ba, amma ina gaya musu gaskiya: idan an dawo daga irin wannan tsaiko matse zango ake yi, abin wata huɗu a yi shi a wata biyu da rabi, wanda ya zauna jiran a ɗaga shi ne ya fi shan wuya.

Sannan duk muna raina tsawon aiki. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban ajin ƙarshe a wata jami'a a Kanada kwana nawa suke ganin zai ɗauke su su gama kundinsu. Matsakaicin amsarsu kwana 34. Aka ce to idan komai ya lalace fa? Suka ce wajen kwana 49. Da aka bi su, sai da suka yi kwana 55 da ɗoriya, wato sun wuce har lissafinsu na ranar da komai ya ɓaci. Su kuma ba su da matsalar ɗauke wuta ko ƙarewar data. Duk kwanakin da kika yanka wa babi na biyu a ranki, ki ƙara rabinsu a kai, sannan ki ƙirgo daga ranar miƙa kundi ki dawo baya. Za ki ga goben da kike jira ta riga ta wuce.

To yanzu abin yi. Na farkonsa zai ba ki mamaki: ki yafe wa kanki wata ukun nan. An yi bincike a Jami'ar Carleton da ke Kanada a 2010 kan ɗaliban aji ɗaya, aka ga waɗanda suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi a jarrabawar farko sun rage yin sa a ta biyu. Dalilin a fili yake. Yanzu aikin nauyi biyu yake ɗauke da shi, tsoron jan biro da kunyar wata uku. Duk lokacin da kika zagi kanki ƙara wa aikin ɗaci kike yi, shi kuma ɗacin shi kike gudu tun farko. Yafewa ba ta nufin ki ce ba ki yi kuskure ba. Ki ce na yi, ya wuce, na nemi gafarar Allah a kan lokacin da na ɓata, yau ga abin da zan yi. Ai haka tuba take, ba a zama ana ta juya zunubin jiya har ya hana sallar yau.

Daga nan sai ki daina cewa "zan yi kundi". Babu mai iya yin kundi a zama ɗaya, shi ya sa zuciya ke tsorata da jin sunansa. Ki sassare shi har sai ya zama abin da za ki ji kunyar cewa ya fi ƙarfinki. A halin da kike ciki, aikin farko ma ba rubutu ba ne. Ki ɗauko babin nan mai jan biro, ki sami takarda, ki kwafe gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa. Shi ke nan aikin ranar. Na sha sa ɗalibai su yi haka a gabana, kuma kusan kullum abu ɗaya ke faruwa: shafin da ya yi jajir kamar an yanka kaza sai ya koma gyara ashirin ko talatin, mafi yawansu waƙafi ne da kuskuren rubutu da yadda ake kawo sunan marubuci da shekara. Masu nauyin ba su wuce uku ko huɗu ba. Wata uku kina gudun abin da ba ki tsaya kin ƙirga ba. Ki sani kuma malamin da ya cika miki takarda da jan biro ya zauna ya karanta aikinki ne layi-layi. Wanda ya kamata ki ji tsoro shi ne mai dawo miki da shi fari tas bai duba ba, ya bar ki ki je ki gamu da tambayoyin ranar kare kundi.

Kowane ɗan aiki kuma ki ɗaura masa lokaci da wuri. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya gwada wannan a kan ɗalibai: ya ce su rubuto rahoton yadda suka yi jajibirin Kirsimeti cikin kwana biyu bayan bikin. Rabinsu ya sa su faɗi tun kafin su tafi hutu yaushe kuma a ina za su zauna su rubuta, sauran bai ce musu komai ba. Kusan uku cikin huɗu na rukunin farko sun rubuto a kan lokaci, a ɗaya rukunin kuwa ɗaya cikin uku ne kawai. Bambancin shi ne wanda ya riga ya yanke lokaci da wuri ba ya sake zaman shawara da zuciyarsa idan lokacin ya zo. Mu kuwa an riga an raba mana yini gida biyar. Maimakon "gobe zan yi", ki ce: "Idan na sallame sallar Asuba na gama azkar, zan zauna a kan tabarmar nan in gyara lamba ɗaya zuwa biyar." Na fi son Asuba saboda hayaniyar ɗakin kwana ba ta tashi ba, saƙonni ba su fara shigowa ba, an kuma yi wa al'ummar nan addu'ar albarka a sammakonta. Amma idan kin san bayan La'asar ne kanki ya fi buɗewa, ki ɗauki La'asar. Abin da ba na so shi ne ki bar shi "sai dare", don dare ba shi da bakin farawa, kuma a lokacin gajiyar yini ta gama taruwa.

Kada ki jira sai kin ji sha'awar aikin. Nan ne mafi yawan ɗalibai suke kuskure, suna zaton sha'awa ce ke zuwa sannan a fara. Sau da yawa farawa ce ke jawo ta. Ki yi wa kanki alkawarin minti goma kacal, idan sun cika kina da izinin tashi. Faɗuwar gaban za ta zo, ki bar ta ta zauna kusa da ke, ki ci gaba da rubutu. Yawanci kafin minti goman su cika ta lafa. Idan kin saba sai ki koma zaman minti 25 da hutun minti 5, tsarin da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da shi tun yana ɗalibi. Ba dole sai 25 ba, abin nema dai zaman ya kasance yana da ƙarshen da kike hangowa.

Waya kuwa kada ki yi kokawa da ita, za ta kayar da ke. Ki raba gari da ita kawai na wannan ɗan lokaci: ki kashe data, ki sa ta a jaka, jakar a ƙarƙashin gado, ko ki ba 'yar ɗakinku ta riƙe. Idan takardun da za ki karanta a cikinta suke, ki sauke su tun da dare, da safe ki buɗe su babu intanet. Wanda ya ce bari in duba WhatsApp minti ɗaya kafin in fara ya san inda zancen ke ƙarewa.

Zancen wanki ina so in yi adalci a kansa. Akwai ɗalibai mata, musamman masu aure da masu zuwa daga gida, da aikin gida ya yi musu yawa da gaske, ga girki ga yara ga hidimar surukai. Wannan ba jan ƙafa ba ne, nauyi ne, maganinsa kuma a zauna da mutanen gida a nemi a ɗauke miki wani abu na wata biyu ko uku. Amma wankin da ba ya tashi sai lokacin da aka ce a buɗe kundi, wannan mafaka ce. Ya fi waya haɗari ma, don yana sa ki ji kin yi abin kirki. Ki ba shi nasa lokacin bayan zaman karatu, kayan ba za su gudu ba.

Idan kin zo babi na biyu, ki yarda rubutun farko ya fito da muni. Masu jan ƙafa da yawa da na sani ba marasa kula ba ne, kulawar ce ta yi musu yawa, suna so jimlar farko ta fito kamar ta farfesa. Ki karanta takarda ɗaya, ki rufe ta, ki rubuta layi biyar na abin da marubucin ya gano da yadda ya shafi takenki, ko da Hausa ne, daga baya kya mayar. Ki rubuta sunansa da shekara nan take don kada ki zo nema daga baya. Takarda ɗaya a rana, cikin wata guda kina da talatin, babin ya riga ya tsaya da ƙafarsa, saura jerawa da gyara. Wannan hanyar tana kuma tsare ki daga abin da matsin kwanakin ƙarshe ke jefa ɗalibai a ciki, wato kwafo aikin wani ko biyan kuɗi a rubuta musu. Na ga ɗalibai masu ƙwazo da wannan ya zubar musu da mutunci a gaban malamai, kuma asalin abin ba rashin gaskiya ba ne, lokaci ne ya ƙure musu.

Game da kwana a aji ana saura kwana biyu jarrabawa, ki duba yadda ake hadda a makarantar allo. Ba a wanke allo sai ɗalibi ya biya karatunsa da ka, kuma wanda ya haddace ba ya barin tilawa, yana komawa baya a kai a kai. Binciken zamani ya zo ya tarar da su a nan. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta sau ɗaya sannan aka yi ta sa su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa masu gwada kansu sun tuna kashi 61, masu maimaitawa kashi 40. Karatun dare ɗaya yana sa ki ji kin iya, ƙila ma ki tsallake da kyar, amma ba ya zama, ga rashin barcin da ke dusashe tunani a ɗakin jarrabawa. Ki riƙa rufe takardar lakca kina biya wa kanki, ko ku sami ƙawa ɗaya mai himma ku riƙa yi wa juna tambayoyi sau biyu a mako. Ɗaya na ce, don idan kun kai biyar hira ce za ta ci lokacin.

Akwai abu guda da ba zan rufe ba tare da na faɗa ba. Idan bayan jan ƙafar kina jin baƙin ciki mai nauyi kusan kullum har mako biyu ko fiye, abin da kike jin daɗinsa da ya daina burge ki, barci ko cin abinci ya rikice, ko kina jin rayuwar ma ba ta da amfani, to wannan ya wuce shawarar karatu. Haka idan tun kina ƙarama kike fama da kasa tsayar da hankali a komai. Ki je asibitin makarantarku ko ofishin ba ɗalibai shawara ki faɗa musu yadda kika faɗa min. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran, ana maganinsa, kuma zuwa wurin likita bai saɓa wa tawakkali ba.

Saura malaminki. Kowace rana kika ƙara kina ɓuya, haɗuwar na ƙara nauyi, a bari ya huce kuwa shi ke kawo rabon wani: lokacin da zai ba ki yanzu, 'yan uwanki da ke zuwa ne suke cinye shi, idan ƙarshen zango ya zo kowa zai taru a ƙofarsa. Mu malamai mun san wannan ɓuyan sarai, kuma mafi yawanmu daɗi muke ji idan ɗalibin da ya ɓace ya dawo. Ko da ya yi faɗa, na minti biyar ne. Kada ki jira sai kin gama gyara. Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki tura masa saƙo gajere: ki gaishe shi, ki ba shi haƙurin jin ki shiru, ki ce kina kan gyaran babi na ɗaya, ki roƙi ya sa miki rana a mako mai zuwa da za ki kawo. Ba sai kin yi dogon bayanin dalili ba. Idan ya sa ranar, ki gaya wa ƙawarki ko mahaifiyarki don a sami mai tambayarki. Ranar kuma ki tafi da abin da ke hannunki ko bai kammala ba, tare da takardar nan mai lambobi, ki nuna masa ukun ko huɗun da ba ki gane ba ki ce ya yi miki bayani. Allah ya ba ki sa'a, ya sa a kare kundi lafiya. Idan kun haɗu da shi ki rubuto min yadda kuka yi.